Laimar kwaɗi a gida: don Allah ku daina ɗura wa yara manja

Jiya da la'asar an sake kawo mana yaro asibiti yana amai da zawo, idanu sun faɗa, gaban rigarsa jage-jage da manja. Kafin uwar ta buɗe baki na san labarin. Tun da hantsi ya tsinki laimar kwaɗi a cikin ciyawar gindin katanga ya ci, aka ɗura masa manja, aka zauna jiran a ga yadda hali zai yi.

Iyaye mata, wa ya ce muku manja yana karya guba? Ba ya karyawa. Madara ma haka. Yaron da ke amai kuma idan aka danne shi ana ɗura masa mai, yana iya sarƙewa ya wuce masa huhu, a tashi da ciwo biyu. Na san tsoro ne da ƙauna suke sa ku, ni ma uwa ce. Amma wallahi na gaji da ganin wannan manjan.

Farar laimar kwaɗin nan mai faɗi da ke fitowa a kewaye kamar zobe bayan ruwan dare, wadda ƙarƙashinta ke komawa kore-kore in ta tsufa, takan tayar da amai da zawo cikin awa 1 zuwa 3. Akwai kuma wadda ta fi ta mugunta. Ita shiru take yi awa 6 zuwa 24 kafin ciki ya ruɗe, daga nan sai abin ya lafa kwana guda, a ce ai manja ya yi aiki, alhali hanta ce take lalacewa. Wannan lafawar ita ke cin mutane. Dafawa ba ta kashe gubarta, kuma da ido ba za ku bambanta mai kyau da mai kisa ba.

Maigida, saura kai. Abin da kake gani a sama 'ya'ya ne kawai, uwar tana ƙasa kamar zare, tana cin ruɓaɓɓen kututture, taki da matacciyar ciyawa. Shi ya sa ko ka tuttula fetur ko maganin feshi, ruwa na sauka za ta dawo, ka ƙone ciyawarka a banza, ka bar wa yara wata gubar.

A taƙaice:

- A zagaya gida da sassafe kafin yara su fito, a sa hannu cikin leda a tuge, a ƙulle, a jefa inda yaro ko akuya ba za su kai ba.
- A tone kututture, a kwashe taki da tarin ganye.
- A buɗe wa ruwa hanya, a rage ban ruwa da damina.
- In yaro ya ci, ko da yana wasansa, asibiti nan take. Ban da manja, ban da cusa yatsa a maƙogwaro.

Ku taho da ragowar abin da ya ci a naɗe cikin takarda, ko ku ɗauki hotonsa a waya, sama da ƙasa, kuma ku riƙe mana lokacin da ya ci.