Hukuncin Kotun Ƙoli kan kuɗin ƙananan hukumomi bai ba ciyaman ikon ƙirƙiro haraji ba

Tun daga ranar 11 ga Yulin 2024, lokacin da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci kan kuɗin ƙananan hukumomi, maganganu iri-iri suke yawo a kasuwanni da tashoshin mota da majalisun unguwa, kuma wanda ya fi tayar wa talaka hankali shi ne cewa tunda an ba ƙananan hukumomi 'yanci, to kowane ciyaman zai iya sanya harajin da ya ga dama, har ma a dawo da harajin kai da jangali irin na zamanin En'e. Wannan tsoro yana da tushe, domin akwai dattawa da yawa da suka ga yadda ake tsare magidanci a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji, kafin gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke haraji da jangali a 1979. Sai dai wanda ya bi abin da kotun ta faɗa zai ga cewa ba ta taɓa maganar haraji ba ko kaɗan. Shari'ar gaba ɗayanta a kan abu biyu take: hanyar da kason ƙananan hukumomi zai bi daga asusun tarayya, da kuma wanda ya halatta ya riƙe wannan kuɗi idan ya iso.

Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, shi ne ya shigar da ƙarar a madadin gwamnatin tarayya a kan jihohi 36, alƙalai bakwai suka saurare ta, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Hukuncin ya shafi ƙananan hukumomin da kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa da sunayensu, waɗanda idan aka haɗa da guda shida na Abuja suka kai 774, ciki har da 44 na Kano da 34 na Katsina da 27 na Jigawa. Yankunan raya ƙasa da wasu jihohi suka ƙirƙira da kansu ba sa cikin lissafin.

Inda ruɗanin yake shi ne sashe na 162 na kundin tsarin mulki, kuma sai an bi shi a hankali. Ƙaramin sashe na 3 ya ce kuɗin da ke asusun tarayya za a raba su ne tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wato kowane ɓangare da nasa haƙƙin. A tsarin rabon da aka daɗe ana amfani da shi, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Amma da aka gangaro ƙaramin sashe na 5 da na 6, sai kundin ya ce kason ƙananan hukumomi za a miƙa shi ga jihohi domin amfanin ƙananan hukumominsu, kuma kowace jiha ta buɗe asusu na musamman, wanda aka fi sani da asusun haɗin gwiwa, inda za a riƙa zuba kuɗin. Ƙaramin sashe na 8 ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon tsara yadda za a raba kuɗin a tsakanin ƙananan hukumomin jihar. Da wannan gwamnoni suka kafa hujja fiye da shekara ashirin: kuɗi ya shigo asusun haɗin gwiwa, a cire albashin malamai, a cire kuɗin fansho, a cire kason masarautu, a cire na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, abin da ya rage a tura sakatariya, wani lokaci ma da ƙyar ya ishi albashin ma'aikata.

Kotun ta ce jiha a wannan tsari 'yar aike ce kawai, an ba ta saƙo ta kai wa mai shi, kuma ɗan aike ba shi da hurumin riƙe saƙo ko kashe shi yadda ya so. Tunda an gwada wannan hanya tsawon shekaru an ga saƙon ba ya isa, kotun ta ce adalci shi ne a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye daga asusun tarayya. A nan ne lauyoyi suka rabu. Kalmar da kundin ya yi amfani da ita a kan asusun haɗin gwiwa kalma ce da aka saba fassara ta da wajibi, amma kotun ta ɗauke ta a matsayin hanya ɗaya daga cikin hanyoyin cimma manufar sashen, wanda ke nufin ana iya bin wata idan waccan ta toshe. Masu suka sun ce wannan gyaran kundin tsarin mulki ne, aikin da ya rataya a wuyan majalisun dokoki. A ganina sukar tana da nauyi ta fuskar ƙa'ida, amma duk wanda ya taɓa shiga sakatariyar ƙaramar hukuma a ƙauye ya tarar da ofisoshi a kulle sai ranar biyan albashi, zai yi wuya ya ce tsohon tsarin ya cancanci a kare shi.

Saboda haka masu cewa an soke asusun haɗin gwiwa sun wuce gona da iri. Kalmomin suna nan daram a cikin kundin, kotu ba ta da alƙalamin goge su, kuma sai an bi hanyar gyara ta majalisar tarayya tare da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi kafin su fita. Abin da kotun ta haramta shi ne jiha ta riƙe ko ta kashe kason da ya fito daga asusun tarayya da sunan ƙananan hukumomi. Wannan giɓi tsakanin rubutun kundin da umarnin kotu yana daga cikin dalilan da suka sa aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume, aka yi ta maganar buɗe wa kowace ƙaramar hukuma asusu a Babban Bankin Najeriya, aka shafe fiye da shekara guda biyan kai tsaye bai kankama yadda aka zata ba. Jihar Anambra ma tun a 2024 ta yi sabuwar dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta su mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi.

Mu koma kan haraji. Ikon ƙaramar hukuma na karɓar kuɗi a hannun jama'a yana fitowa ne daga sashe na 7 na kundin tsarin mulki da jadawali na huɗu, da kuma dokar ƙananan hukumomi da majalisar kowace jiha ta yi. Jadawalin ya lissafa ayyukanta: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Daga waɗannan ayyuka ne kuɗin shigarta ke fitowa, kuma hukuncin 2024 bai ƙara ko layi ɗaya a kansu ba. Ko harajin gidaje, wanda shi ne ya fi tsorata masu gidajen haya, jadawalin ya fayyace cewa aikin ƙaramar hukuma shi ne ƙiyasta gidajen, amma majalisar dokokin jiha ce ke tsara abin da za a karɓa. Ciyaman ba zai wayi gari ya yanka wa masu shago sabon kuɗi da fatar baki ba. Dole kuɗin ya zama yana da gurbi a dokar jiha, kansiloli su zartar da ƙaramar doka a kansa yadda dokar jihar ta tanada.

Tun a 1998 gwamnatin soja ta fitar da dokar da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ta lissafa wa ƙananan hukumomi nasu, ciki har da kuɗin rumfar kasuwa da na tasha da na mayanka, har da harajin shanu a kan masu kiwo. Ke nan jangali a takarda ya daɗe a cikin jerin, kuma karɓarsa ko barinsa bai taɓa rataya a kan wannan shari'a ba. Dokar ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, ta ce wanda ya yi haka, ko ya karɓi haraji alhali ba shi ne hukumar da ke da hurumi ba, zai iya fuskantar tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ko duka biyun. Lauyoyi suna jayayya kan matsayin wannan doka tun bayan wani hukunci na Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2020, amma jayayyar ba ta halatta wa kowa ya gitta katako mai ƙusoshi a gaban motar tumatir ko ta dabbobi ba. Na nanata wannan ne domin inda ake yawan faɗin cewa doka ta canza, nan ne masu buga rasit na bogi suke samun kasuwa. Duk wanda aka miƙa wa takardar wani sabon kuɗi da sunan 'yancin ƙananan hukumomi yana da damar ya tambayi wace doka ce ta kafa shi, kuma ya nemi rasit mai ɗauke da sunan ƙaramar hukumar.

Haka batun filaye yake. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Hukuncin bai sauya wannan ba, don haka maganar cewa ciyaman zai fara yanka fulotai a cikin birni ba ta da makama.

Ɓangare na biyu na hukuncin shi ne mai ɗauke da horo. Sashe na 7 ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi, kotun kuma ta ce gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo, sannan ta hana a saki kason duk ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba. Wasu sun fahimci cewa kason jihar ne za a dakatar, alhali kuɗin ƙaramar hukumar ne ke tsayawa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a hukuncin: gwamna ne ya ƙi yin zaɓe, amma mai gadin asibitin sha-ka-tafi da mai sharar kasuwa su ne albashinsu zai maƙale. Duk da haka barazanar ta yi aiki, domin cikin 'yan watanni jihohi da dama suka gudanar da zaɓe, Jigawa da Kaduna da Kano duk a watan Oktoban 2024. Abin da bai canza ba shi ne mai shirya zaɓen. Hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ita ce har yanzu kundin ya ɗora wa aikin, INEC kuma sai a Abuja kaɗai. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba: jam'iyyar NNPP ta lashe duka kujeru 44 a Kano, APC ta lashe duka 23 a Kaduna. Ciyaman ɗin da ya san ta hannun wa ya hau kujera zai iya karɓar kuɗi kai tsaye da safe ya mayar da su da yamma, kuma babu wani sakin layi a hukuncin da zai iya hana hakan shi kaɗai.

Abin da zai iya sa shi tunani sau biyu shi ne cewa ba shi da rigar kariya. Sashe na 308 shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamna da mataimakinsa kawai ya rufe, don haka EFCC ko ICPC za su iya gurfanar da ciyaman ko ma'ajinsa tun suna kan kujera. Idan kuɗi ya sauka a asusun ƙaramar hukuma da sunanta, uzurin cewa ai daga sama aka cire ya rage ƙarfi, wanda ya sa hannu a takarda shi zai amsa.

Tsoron malaman firamare kuwa na gaskiya ne, bai kamata a haɗa shi da jita-jita ba. A farkon shekarun 1990 an taɓa miƙa biyan albashinsu ga ƙananan hukumomi, aka tara musu bashin watanni, makarantu suka yi ta yajin aiki har sai da aka sake tsari. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta ƙasa take neman a riƙa ware albashinsu tun daga tushe. Kundin tsarin mulki ya ce ƙaramar hukuma tana shiga ne tare da gwamnatin jiha wajen samar da ilimin firamare da kiwon lafiya da raya noma, wato nauyin na haɗin gwiwa ne, hukuncin kuma bai sauke wa jiha nata rabon ba. Akwai ma wani haƙƙi da ba a cika ambatonsa ba: ƙaramin sashe na 7 na sashe na 162 ya wajabta wa kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta wani kaso daga kuɗin shigarta, dokar rabon arziki kuma ta sanya shi kashi 10 cikin ɗari na abin da jihar ta tara a cikin gida. Wannan wajibi yana nan kamar yadda yake kafin 11 ga Yulin 2024, kuma kansiloli da ƙungiyoyin ma'aikata suna da hujjar neman a nuna musu a cikin kasafin kuɗin jiha inda aka biya shi.