Waiwaye: Yadda Manchester United ta faɗa hannun iyalan Glazer

A ranar 2 ga watan Mayun 2021 an shirya Manchester United za ta karɓi baƙuncin Liverpool a Old Trafford. Lokacin korona ne, ba a barin 'yan kallo su shiga fili, amma duk da haka suka shiga. Dubban magoya baya suka taru a waje, wasu ɗaruruwa suka ɓalle ƙofa suka bazu a kan ciyawa, wannan na kunna tartsatsin wuta mai hayaƙi, wancan ya ɗauke tutar kwana yana yawo da ita, wasu kuma suka tare otal ɗin da 'yan wasa suka kwana. Dole aka ɗage wasan, karo na farko da zanga-zangar magoya baya ta hana buga wasa a tarihin gasar Firimiya. Wanda bai san tushen maganar ba zai ɗauka haushin rashin kofi ne ya tunzura su. Ba haka ba ne. A ranar United tana matsayi na biyu a teburi, tana kuma dab da kaiwa wasan ƙarshe na gasar Europa. Rigimar ta mallaka ce, tsakanin magoya baya da iyalan Glazer, Amurkawan da suka mallaki kulob ɗin, kuma ta girmi da yawa daga cikin waɗanda suka tsallaka shingen.

Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ƙungiyar a 1878 da sunan Newton Heath, suna sa riga mai launin kore da ruwan zinariya. Sau biyu tana kaiwa bakin mutuwa saboda bashi, sau biyu attajiran yankin suna ceto ta: John Henry Davies a 1902, shekarar da aka sauya mata suna, sai James Gibson a ƙarshen 1931. Daga baya ragama ta koma hannun Louis Edwards, babban ɗan kasuwar nama, sannan ɗansa Martin ya gaje shi a 1980. Duk waɗannan masu kuɗi ne, kuma ba a rasa ƙorafi a kansu ba, amma mutanen gari ne da ake gani a fili ranar wasa, ana iya yi musu ihu su ji.

Martin Edwards ya jima yana neman mai saye. A 1989 ya amince ya sayar wa wani ɗan kasuwar gidaje mai suna Michael Knighton, a cinikin da aka ƙiyasta kan fam miliyan 20. Tun kafin a biya ko sisi, Knighton ya fito fili ranar wasan farko na kaka da Arsenal, sanye da kayan atisaye, yana ɗaga ƙwallo da ƙafa da ka, ya garzaya ya narka ta a ragar da ke gaban Stretford End, ɗaya daga cikin rumfunan 'yan kallo na filin, jama'a na tafi. Makonni kaɗan bayan haka masu ɗaure masa gindi suka zame, ciniki ya watse. Har yau idan wani ya fito yana cika baki zai sayi United, tsofaffin magoya baya sukan tuno da wannan hoton.

A ganina ainihin ƙofar da Glazer ya shigo ta cikinta an buɗe ta ne a 1991, lokacin da aka saka kulob ɗin a kasuwar hannun jari ta Landan. Daga ranar United ta zama haja a kan tebur: duk mai kuɗi na iya tsintar hannun jarinta kaɗan-kaɗan, ba sai ya nemi yardar kowa ba. Gwaji na farko ya zo a 1998, da kamfanin BSkyB na Rupert Murdoch ya taya ta fam miliyan 623, daraktoci kuma suka sallama. Magoya baya suka ce ba su yarda ba. Suka haɗa ƙungiyoyi, masu ƙananan hannun jari suka dunƙule wuri guda, aka yi ta kai koke wurin 'yan majalisa. A watan Afrilun 1999 gwamnatin Birtaniya ta hana cinikin, bisa hujjar cewa mai haƙƙin nuna wasanni a talbijin bai kamata ya mallaki babbar ƙungiyar gasar ba. Nasara ce ta gaske, sai dai ta bar wa magoya baya wani zato, cewa duk wanda ya zo za su iya kora shi. Murdoch dokar hana babakere ce ta tare shi. Wanda ya biyo bayansa babu dokar da ta tsaya masa a hanya.

Abin dariya, ko abin takaici, shi ne doki ne ya share hanyar. Manyan masu hannun jari a lokacin wasu attajirai ne biyu 'yan Ireland masu harkar dawakin sukuwa, John Magnier da J.P. McManus, abokan kocin ƙungiyar, Sir Alex Ferguson. Akwai wani doki mai suna Rock of Gibraltar da aka yi wa rajista da sunan Ferguson a matsayin ɗaya daga cikin masu shi, ya lashe manyan tsere bakwai a jere. Da dokin ya yi ritaya aka zo maganar kuɗin barbara, inda ainihin dukiyar take, sai Ferguson ya ce yana da rabi, Magnier ya ce sam. Magana ta kai kotu. A farkon 2004 attajiran biyu suka aika wa hukumar kulob tambayoyi 99 kan cinikin 'yan wasa da kuɗin da ake biyan dillalai, kowa kuma ya san inda aka nufa da su. An sasanta daga baya, amma zumunci ya riga ya lalace. Magoya baya sun tsaya wa kocinsu, har suka riƙa kai zanga-zanga filin sukuwa. To mutumin da kuka zaga jiya, me zai hana shi sayar da kasonsa gobe?

Malcolm Glazer, Ba'amurke mai ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta ƙwallon Amurka, ya fara sayen hannun jari a 2003 da ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, yana ƙarawa a hankali. A ranar 12 ga Mayun 2005 Magnier da McManus suka sayar masa da kasonsu na kusan kashi 29, cikin 'yan kwanaki ya haura kashi 75, ya cire kulob ɗin daga kasuwa. Jimillar cinikin ta kai kusan fam miliyan 790.

A nan ne gizo ke saƙa. Mafi yawan kuɗin ba daga aljihun Glazer suka fito ba, rance ne, fiye da fam miliyan 500. Wani ɓangare an jinginar da kadarorin kulob ɗin ne aka karɓo, wani kuma daga kamfanonin zuba jari masu tsananin kuɗin ruwa, sama da kashi 14 cikin ɗari a shekara, wanda idan ba a biya ba sai ya hau kan uwar kuɗi. Wato kamar mutum ya ci bashi ya sayi gida, sannan ya ce gidan ne zai biya bashin da aka saye shi da shi. Ƙungiyar da ta shafe shekaru da dama ba a bin ta komai ta wayi gari da dutse a ka, ba don ta gina fili ko ta sayi ɗan wasa ba, sai don kawai ta sauya mai gida. Kuma duk wannan halal ne a dokar Ingila ta lokacin. Sai a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince a taƙaita irin wannan saye da rance, bayan aikin gama ya gama.

Da 'ya'yan Malcolm uku, Joel da Avram da Bryan, suka kai ziyarar farko Old Trafford a ƙarshen watan Yunin 2005, a motar 'yan sanda aka fitar da su. Shi kuwa uban har ya rasu a 2014 bai taɓa zuwa kallon wasa a filin ba.

Daga nan kan magoya baya ya rabu, kuma har yau bai haɗu ba. Wasu suka ce ba za su sake ba Glazer ko kwabo ba, suka fice suka kafa FC United of Manchester, ƙungiyar da mambobi suka mallaka, kowa da ƙuri'a ɗaya. Daga can ƙasan rukunonin Ingila ta fara, a 2015 ta buɗe filinta na kanta, Broadhurst Park. Wasu suka ce kujerar da kakansu ya zauna ba za su bar wa kowa ba, za su shiga su yi zagi daga ciki. Taken da ya bazu a lokacin shi ne a so United, a ƙi Glazer. Masu ficewa na cewa duk tikitin da ka saya kuɗin ruwa ka biya, masu zama na cewa ficewa gudun fagen daga ne. Ferguson kuma ya fito fili ya yabi masu kulob ɗin, abin da wasu ba su yafe masa ba har yau, ko da yake a hankali suke faɗa.

Abin da ya kashe kaifin adawar shi ne kofuna. Tsakanin 2007 da 2013 United ta ɗauki Firimiya sau biyar, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2008. Da wuya ka shawo kan mutum cewa gidansa na cin wuta alhali yana cikin biki. Amma masu lura sun lura. A 2009 aka sayar da Cristiano Ronaldo ga Real Madrid kan fam miliyan 80, Carlos Tevez ya koma maƙwabta, Manchester City, aka kawo Antonio Valencia da Gabriel Obertan da Michael Owen, wanda ya zo kyauta. A Janairun 2010 kulob ya fitar da takardun lamuni na fam miliyan 500, bayanan da aka wallafa suka nuna bashin gaba ɗaya ya haura fam miliyan 700. Nan ne mayafan wuya masu launin kore da ruwan zinariya, launin Newton Heath, suka cika Old Trafford. A watan Maris, bayan United ta lallasa AC Milan da ci 4 da nema, David Beckham, wanda ya dawo a matsayin ɗan wasan Milan, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin mayafan da aka jefo ya rataya a wuya. Wasu attajiran magoya baya da aka laƙaba wa suna Red Knights, ciki har da masanin tattalin arziki Jim O'Neill, suka yi yunƙurin haɗa kuɗi su saya. Glazer suka ce ba na sayarwa ba ne, magana ta mutu.

A 2012 suka kai wani ɓangare kasuwar hannun jari ta New York, dala 14 kowane hannu, da wata dabara: hannun jarin da aka sayar wa jama'a ƙuri'a ɗaya gare shi, na iyalan kuwa goma. Ka kawo kuɗinka, amma ba ka da ta cewa.

Ferguson ya yi ritaya a 2013, shugaban gudanarwa David Gill ya tafi tare da shi, sai ragama ta koma hannun Ed Woodward, tsohon ma'aikacin bankin JP Morgan da ya taimaka wa Glazer tsara cinikin 2005. Woodward gwani ne wurin samo masu talla, amma cinikin 'yan wasa wani abu ne daban. Kuma a nan ya kamata a yi adalci: zargin cewa ba a kashe kuɗi ba gaskiya ba ne. An kashe fiye da fam biliyan ɗaya wajen sayen 'yan wasa bayan Ferguson, daga kuɗin da kulob ya samo da kansa. Matsalar ita ce babu mai lissafi. Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, kowa ya zo da nasa salon, ya sayi nasa 'yan wasa, a kore shi, na bayansa ya gaji tarkace. A gefe guda kuma iyalan suka fara karɓar ribar hannun jari duk shekara, filin atisaye na tsufa, rufin Old Trafford na yoyo. Da aka zaɓi filayen gasar Euro 2028, na Manchester City aka ɗauka.

Shirin Super League na Afrilun 2021, wata keɓantacciyar gasa da manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu, wanda Joel Glazer ke cikin mataimakan shugabansa, shi ne ya fasa ƙurjin. Cikin kwana biyu shirin ya ruguje, Woodward ya sanar zai sauka, Joel ya rubuta wasiƙar ban haƙuri, sannan aka yi abin da aka yi ranar wasan Liverpool. A Nuwamban 2022 Ronaldo, wanda ya dawo United a 2021, ya ce a wata hirar talbijin masu kulob ɗin ba su damu da ƙungiyar ba. Ranar da aka soke kwantiraginsa, ranar ce iyalan suka sanar za su saurari tayi.

Shekara guda aka yi ana ja. Sheikh Jassim bin Hamad Al Thani na Qatar ya nemi saye gaba ɗaya da alƙawarin goge bashi. Magoya baya suka sake rabuwa: masu cewa ko daga ina kuɗin suka fito a zo a raba su da Glazer, da masu cewa sun shafe shekaru suna yi wa City gori kan kuɗin Abu Dhabi, da wane baki za su karɓi na Doha? A Oktoban 2023 ya janye. A jajibirin Kirsimeti aka sanar Sir Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, haifaffen Failsworth da ke gefen Manchester, zai sayi kashi 25 cikin ɗari tare da ikon tafiyar da harkar ƙwallo. Glazer sun karɓi kuɗi, sun riƙe rinjaye, sun kuma sami wanda zai tsaya a gaba ya sha jifa.

Murnar zuwan ɗan gida ba ta daɗe ba. An tsawaita kwantiragin Erik ten Hag bayan ya ɗauki Kofin FA a 2024, aka kore shi a Oktoba, sallamarsa da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4. An yi ta fafutukar ɗauko Dan Ashworth daga Newcastle a matsayin daraktan wasanni, bayan wata biyar aka rabu da shi. A daidai lokacin aka sallami ma'aikata 250, aka sanar da sallamar wasu har 200, aka soke albashin jakadanci na Ferguson, aka mayar da sauran tikitin kaka fam 66 ba rangwame ga yaro ko tsoho. Wasu suka fara cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masu kare Ratcliffe kuma na cewa ɓarnar shekara ashirin ya tarar, kuma shi kaɗai ne ya zuba kuɗinsa a cikin kulob ɗin, dala miliyan 300. Kakar 2024-25 ta ƙare United na matsayi na 15, ta kuma sha kashi a hannun Tottenham a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao.

A ranar 9 ga Maris 2025 dubban magoya baya sanye da baƙaƙen kaya suka yi tattaki zuwa Old Trafford kafin wasa da Arsenal. Washegari Ratcliffe ya shaida wa 'yan jarida cewa da ba a tsuke bakin aljihu ba, da kuɗin kulob sun ƙare kafin ƙarshen shekara. Kwana ɗaya bayan wannan aka baje zanen sabon fili mai cin mutum 100,000, wanda aka ƙiyasta zai lashe fam biliyan 2. A lissafin kulob na shekarar, tsohon bashin da ya samo asali daga cinikin 2005 na nan zaune, dala miliyan 650.