Wane ne ɗan sa-kai na kashe gobara a ƙauye?

Ɗan sa-kai na kashe gobara mutumin gari ne, manomi ko mai shayi ko malamin firamare, wanda ya samu horo daga 'yan kwana-kwana ko ƙungiyar agaji, ya kuma amince a tashe shi dare ko rana in wuta ta tashi, ba don albashi ba. Kada a haɗa shi da 'yan sa-kai masu gadin gari. Shi kayan aikinsa bokiti ne da shebur da adda da igiya. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara irinsa ne. A ƙauyukan Kano da Jigawa kuwa, waɗanda suka fi kusa da wannan aiki su ne 'yan agajin masallatai da na Red Cross.

Nisa ne ya sa ake buƙatarsa. Motar kwana-kwana tana birni ko wani babban gari, kafin ta ratso hanyar burji ta iso, gida mai dangar kara da harawa a kan rufi ya riga ya zama toka, balle a hunturu da komai ya bushe iska kuma tana kaɗawa. Waɗannan mintocin farko su ne nasa, kuma babban aikinsa a cikinsu shi ne hana wuta tsallakawa maƙwabta.

Da isowarsa zai sa a kira 112 ko lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa, a faɗi sunan ƙauye da abin da ke ci, a tura mai babur bakin titi ya jawo motar. Sai a ƙirga mutanen gida, a fara da yara da tsofaffi, a kwance dabbobi daga turke. In akwai lantarki a cire katawut kafin a watsa ko ɗigon ruwa.

Daga nan sai ya duba inda iska ta nufa. Can za a sare danga, a janye kara da harawa, a jiƙa jinkar rumbu. Masu gida sukan ƙi a taɓa musu dangar da wuta ba ta kai ba tukuna, shi ya sa yana da kyau mai unguwa ya san wannan tsari tun kafin ranar. Ruwa kuma layi biyu ake yi daga rijiya ko famfon burtsatse, ɗaya na cikakkun bokitai, ɗaya na mayar da su. Bokitin lita 10 ya fi saurin wucewa hannu da hannu. Jarkar lita 25 nan da nan take gajiyar da layi. A watsa a gindin wutar, iska tana bayan mai watsawa. Ruwan da aka jefa wa harshenta asara ne.

Wutar fetur ba a yi mata ruwa, domin fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya malala. Yashi ake zuba mata, ko hodar tukunyar kashe gobara. Tukunya mai kilo 6 ba ta kai rabin minti take ƙarewa, don haka sai an matso kamar mita 2 zuwa 3, an zare fil, an saita gindin wuta, sannan a matsa. Tankar mai kuwa ta fi ƙarfin ɗan sa-kai. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, tanka ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu. A irin wannan wuri aikinsa kawai ya kori mutane nesa, ya hana tayar da babur da kunna ashana.

Ba gobara kaɗai ake kiransa ba. Wanda ya faɗa kududdufi, igiya ko doguwar sanda ko rufaffiyar jarka mara komai ake miƙa masa daga gaɓa. Rijiya ta fi haɗari: ƙasan tsohuwar rijiya yakan rasa iskar shaƙa, musamman in an kunna injin jan ruwa a ciki, sai mai ceto ya suma a kan wanda ya je ɗaukowa. In wanda ke ciki ya suma ba tare da ya bugu da wani abu ba, kada kowa ya bi shi, a jira masu na'urar numfashi.

Wanda tufafinsa suka kama a kayar da shi ƙasa a lulluɓe shi da bargo, gudu ƙara hura wutar yake. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi ake kwarara mata har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a ɓamɓare tufar da ta manne. Ban da manja, ƙwai ko makilin, suna jawo ƙwayoyin cuta kuma sai an kankare su a asibiti. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a wuce asibiti, in ƙunar a fuska ce ko yaro ne ko ta fi tafin hannun mai ita faɗi, kada a bari sai gari ya waye.