Heathrow, Gatwick ko Stansted: A Wane Filin Jirgi Ya Kamata Ka Sauka a Landan?

Duk wanda ya taɓa neman tikitin Landan a waya ya san yadda abin yake. Ka rubuta sunan birnin, a jero maka farashi, ido ya faɗa kan mafi araha, hannu ya bi. Haruffa ukun nan na gefe, LHR (Heathrow) ko LGW (Gatwick) ko STN (Stansted), ba kowa ke kula da su ba, alhali su ne ke faɗa maka inda za a sauke ka. Tikitin jirgin sama bakin fili yake kai mutum, daga nan zuwa ƙofar masauki kuwa wani lissafi ne daban. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Wai filayen jirgi nawa ne a Landan?

Shida ne ke ɗauke da sunan birnin, amma biyu kaɗai ke cikinsa. Heathrow na yammaci, kimanin kilomita 24 daga tsakiyar gari. London City na gabas kusa da kogin Thames, ƙaramin fili ne na gajerun tafiye-tafiye. Sauran huɗun aron suna suka yi: Gatwick na kudu da nisan kilomita 45, Luton na arewa, Stansted na arewa maso gabas a yankin Essex da nisan kusan kilomita 60, sai Southend can bakin teku. Wanda ya sauka a Stansted ya ce ya iso Landan, kamar wanda aka sauke a Wudil ne yake cewa ya shigo Kano, har ma da ɗoriya.

Mu da ke tasowa daga Najeriya muna da zaɓi ne ma?

A 'yan shekarun da suka gabaci 2024 kusan babu, Heathrow ne kawai. British Airways na zuwa can daga Abuja da Legas, Virgin Atlantic daga Legas. A watan Maris na 2024 Air Peace ya fara zirga-zirga daga Legas zuwa Gatwick, zaɓi ya ƙaru. Wanda kuma zai yada zango a hanya, zaɓinsa ya fi yawa: jiragen Qatar da na Turkish na sauka a Heathrow da Gatwick, Emirates kuwa har Stansted yake zuwa. Sannan ga masu shigowa daga wani birnin Turai da jiragen araha irin su Ryanair da Wizz Air da easyJet, waɗanda galibi Stansted da Luton da Gatwick suke nufa.

Idan na sauka a Heathrow, wace hanya zan bi?

Nan ne Heathrow ya yi wa sauran fintinkau, don jiragen ƙasa iri uku ke shiga cikinsa, kowanne da kuɗinsa.

Mafi araha shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin Piccadilly, wanda ya iso filin tun 1977. Da kusan fam 6 zai kai ka tsakiyar gari cikin minti 50 zuwa awa ɗaya, ya bi ta Earl's Court da South Kensington da Piccadilly Circus har King's Cross. Sai dai taragwansa ƙanana ne, rufinsu ƙasa-ƙasa, kuma yana tsayawa a tasha bayan tasha. Ka shiga da sassafe yana wayam, kafin ka kai Hammersmith ma'aikata sun cika shi, kai kuma ga akwatuna biyu tsakanin ƙafafu, ana ta kallonka ta wutsiyar ido. Wasu tsofaffin tashoshinsa na cikin gari ba su da lif, sai matakala.

Na biyu shi ne layin Elizabeth, da aka buɗe a watan Mayun 2022. Kuɗinsa ya haura ninki biyu na Piccadilly, amma jirgin na da faɗi, da sanyaya ɗaki, kuma kowace tasharsa na da lif daga titi zuwa wurin hawa. Kusan rabin awa yake yi zuwa Paddington, ya wuce Bond Street, inda masu sayayya a Oxford Street ke sauka, ya bi Farringdon da Whitechapel, wasu jiragen su zarce Canary Wharf da Woolwich har Abbey Wood. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga 'yan Najeriya, domin Woolwich da Thamesmead unguwanni ne da mutanenmu suka yi yawa. A da sai an canja jirgi an sake canjawa, yanzu zama ɗaya ne. Idan aka ce in zaɓa wa baƙo mai kaya hanya ɗaya, wannan zan zaɓa.

To Heathrow Express fa, wanda ake ta talla a cikin filin?

Shi ne na uku. Tun 1998 yake aiki, minti 15 zuwa Paddington, yana tashi duk bayan minti 15. Tikitin da aka saya nan take ya kai wajen fam 25, amma wanda ya saya a intanet tun da wuri yakan samu da rahusa sosai. Abin lura shi ne a Paddington yake ƙarewa. Idan masaukinka na Edgware Road ko Bayswater, ko kana da ganin likita a Harley Street, ya yi maka daidai. Idan gabashin gari za ka, sai ka sauka ka sake hawa layin Elizabeth ɗin da ka tsallake, ka biya sau biyu don ragin kwata na awa. Wata fa'idarsa da ba a cika sani ba: yara 'yan shekara 15 zuwa ƙasa ba sa biya in suna tare da babba.

Gatwick ya fi nisa. Ke nan ya fi wahala?

Ba lallai ba. Tashar jirgin ƙasa na manne da ɓangaren kudu na filin, wanda ya sauka a ɓangaren arewa kuma akwai ɗan jirgin da ke kawo shi kyauta cikin 'yan mintuna. Gatwick Express na kai mutum tashar Victoria cikin rabin awa da sama da fam 20. Jiragen Southern na bin hanyar nan dai zuwa Victoria ɗin, su makara da 'yan mintuna kaɗan, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi. Baƙo da yawa na hawa mai tsadar ne kawai don sunansa ne ke ɗauke da na filin.

Akwai kuma Thameslink, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan Gatwick. Yana ratsa tsakiyar gari daga kudu zuwa arewa: London Bridge, Blackfriars, Farringdon, St Pancras. Mai zuwa Croydon kwata na awa ya ishe shi. Mai zuwa Peckham ya sauka a London Bridge ya canja. Ga mazauna kudancin Landan, Gatwick ya fi Heathrow kusa a aikace, ko da taswira ta ce akasin haka.

Na ga tikitin Stansted da na Luton da arahar banza. Akwai wani tarko ne?

Tarkon a lissafi yake. Ɗauki misali: tikitin Stansted ya fi na Heathrow araha da fam 40. Stansted Express zuwa Liverpool Street, tafiyar kusan minti 50, zai ci maka sama da fam 20 in ka saya a tasha, dawowa ma haka, sannan ka hau jirgin cikin gari zuwa masauki. Kamfanonin araha kuma kuɗin akwati daban suke karɓa. Kafin ka ankara fam 40 ɗin ya narke, ka kuma ƙara awa guda a hanya. Araha dai ba ta ado.

Motocin safa na National Express sun fi jirgin ƙasa sauƙi, musamman in an yanki tikiti da wuri, kuma suna zuwa Stratford da Victoria, sai dai su da cunkoson hanya ne. A Luton kuwa tashar jirgin ƙasa ba a cikin filin take ba. Tun Maris na 2023 akwai ɗan jirgi mara direba mai suna DART da ke haɗa su cikin minti huɗu, kuma shi ma ba kyauta ba ne, kusan fam 5 ne in ba a haɗa shi cikin tikitinka ba. Daga nan jirgi mai sauri na isa St Pancras cikin ƙasa da rabin awa.

Ban ce kada a bi su ba. Wanda zai kwana a Tottenham ko Walthamstow, ko ɗalibin da Cambridge ya nufa, Stansted ne nasa.

Yaya ake biyan kuɗin? Zan iya ba da tsaba?

Bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kada ma ka fito da takarda. Ana biya ne da katin Oyster, wanda ake saya a zuba masa kuɗi, ko da katin banki mai taɓawa, ko da waya. A jirgin ƙasa ka taɓa a shiga, ka taɓa a fita, kuma da abu ɗaya: in ka shiga da waya ka fita da kati, na'ura za ta ɗauka tafiya biyu ce da ba a kammala ba, ta cire maka mafi tsada. Kowa kuma da katinsa, ba a taɓa wa mutum biyu da kati ɗaya.

Oyster na aiki a Heathrow da London City, da Gatwick tun 2016. Ba ya kaiwa Stansted ko Luton. Nan ne baƙi ke faɗawa: ƙofar Liverpool Street ta buɗe maka da Oyster, ka zauna hankali kwance, ka isa Stansted a ce ba ka da tikiti, ga tara. Sayi tikitinka kafin ka hau. Game da katin naira kuwa, kada ka dogara da shi kaɗai, bankuna kan sa iyaka a kan kashe kuɗi a waje. Farashin sufuri ma galibi a watan Maris ake sauya shi, don haka duba na shekarar da za ka yi tafiya.

Mu shida ne, da yara da kaya. Jirgin ƙasa zai yi mana?

Yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ba ya biya a jirgin ƙarƙashin ƙasa in yana tare da babba mai biya, har yara huɗu ga babba ɗaya. A jiragen da ke fita wajen gari kuwa, 'yan ƙasa da 5 ne kyauta, daga 5 zuwa 15 rabin kuɗi. Kenan iyali sun fi cin riba a Heathrow. Amma gaskiya, uwa da goyo, ga akwatuna takwas cike da kilishi da yaji da atamfofin tsaraba, bayan awa shida a sama, ba jirgin ƙasa suke buƙata ba. A irin wannan a yi odar babbar mota tun kafin a taso, a san kuɗinta. Wanda ya tare ka a bakin fita yana raɗa maka "tasi?", wuce shi, ba a kan ƙa'ida yake ba.

Ɗan'uwana ya ce zai kai ni da motarsa. Ai wannan kyauta ne?

Gare ka dai. Tun 2021 Heathrow da Gatwick ke karɓar kuɗin sauke fasinja a bakin ƙofa, an fara da fam 5, kuma ana ta ƙarawa. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, a biya ta intanet, in an manta tara ta biyo baya. Ɗaukar fasinja kuwa sai an shiga wurin ajiye motoci na kuɗi. Bayan haka, tun Agustan 2023 Heathrow ya shiga yankin da tsofaffin motoci masu hayaƙi ke biyan fam 12.50 a rana. Ba zai faɗa maka ba don kunya, amma ka sani.

Jirgina na tashi ƙarfe shida na safe. Ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi kafin a sayi tikiti. Jiragen araha sun fi son asuba, lokacin da jirgin ƙarƙashin ƙasa bai fara aiki ba. Gatwick ya fi dama-dama, don Thameslink na ratsa dare. Layin Piccadilly na kwana yana aiki ne daren Juma'a da na Asabar kawai, sauran darare sai bas mai lamba N9. Stansted da Luton kuwa safa ce mafita. Ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba, babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu bas ɗin gari, babu jiragen ƙasa na yau da kullum, kuɗin tasi kuma ya haura.

Tikitina ya ce in sauka a Heathrow in tashi daga Gatwick. Matsala ce?

Babba ma. Babu jirgin ƙasa kai-tsaye tsakaninsu. Ko dai safa ta babbar hanyar M25, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau, ko layin Elizabeth zuwa Farringdon a canja zuwa Thameslink. Kayanka kai za ka ɗauka ka sake aunawa. Mafi muhimmanci, canjin fili na nufin sai ka wuce jami'an shige da fice ka shiga ƙasar, kuma mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar da ta ba shi damar haka, sai dai in yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka ɗauke wa. In ba ka da ita, tun a Abuja ko Legas za a hana ka hawa jirgin.