Ba Kircher ne ya warware rubutun Fir'auna ba

An daɗe ana cewa Athanasius Kircher, limamin Katolika ɗan Jamus da ya rayu daga 1602 zuwa 1680, shi ne ya fara karanta rubutun tsohuwar Masar. Masu faɗin haka suna da hujjarsu, domin mutum ne mai faɗin ilimi. Ya koyar a Rum, ya yi rubuce-rubuce kan kiɗa da maganaɗisu da ƙasar Sin, har cikin bakin dutse mai aman wuta na Besubiyus ya taɓa sauka don ya gani da idonsa.

Sai dai fassarar da ya wallafa tsakanin 1652 da 1654 ba daidai ba ce. Ya ɗauka kowane zane, tsuntsu ne ko ido, alama ce ta ɓoyayyiyar hikima, alhali da yawa daga cikinsu sauti suke wakilta kamar haruffa. Champollion na Faransa ne ya gano hanyar a 1822, da taimakon dutsen Rosetta mai ɗauke da saƙo ɗaya cikin rubutu iri uku, har da na Girkanci.

Duk da haka, a ganina Kircher ya cancanci yabo. Ya yi daidai da ya ce harshen Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, daga tsohon harshen Masar ya fito, kuma sanin Kibɗanci ya taimaki Champollion matuƙa.

In ka ji an ce wane ne ya fara gano abu, duba shekarar, sannan ka bincika ko masanan da suka biyo baya sun yi aiki da sakamakonsa. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.