Waiwaye: Yashin Kwatano, Hanyar Masunta da takaddamar gina wurin shaƙatawa a bakin teku

Duk ɗan kasuwar Maradi da ya taɓa bin kayansa zuwa Kwatano ya san tashar jiragen ruwa da dogon layin manyan motocin da ke jiran lodi, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa leƙa abin da ke yamma da tashar. A can akwai wata siririyar ƙasa mai tsawon kilomita kusan 40, teku a kudancinta, ruwan tafki mai gishiri a arewacinta, ta miƙe daga unguwar Fijirose har zuwa tsohon garin Wida. Mutanen ƙasar suna kiranta Route des Pêches, wato Hanyar Masunta, kuma ita ce gwamnatin Jamhuriyar Benin ta zaɓa domin ta zama babban wurin shaƙatawa da yawon buɗe ido na ƙasar. Tun da aka fara aikin ake ta muhawara kan yadda za a gina otal-otal da hanyoyi ba tare da an kashe abin da zai jawo baƙin ba, kuma ba za a fahimci wannan muhawara ba sai an koma baya shekaru sittin, zuwa lokacin da aka fara taɓa tafiyar yashin wannan gaɓa.

Yashin bakin tekun Afirka ta Yamma ba a zaune yake wuri ɗaya ba. Igiyar ruwa tana bugun gaɓar a karkace daga kudu maso yamma, saboda haka kullum tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, daga Gana zuwa Togo, daga Togo zuwa Benin, daga nan zuwa Legas, kuma a wannan yanki abin da take turawa yakan kai mita kubik miliyan ɗaya ko fiye a shekara. Muddin koguna suna zubo sabon yashi daga cikin ƙasa, abin da igiya ta kwashe a yau wani zai maye gurbinsa gobe. A shekarun 1960 ne aka yanke wannan tafiya a wurare uku kusan a lokaci guda. An kammala madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Volta a 1965, ta riƙe yashin da kogin ya saba kaiwa teku. A wannan shekarar aka kammala tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka fara ginawa a 1959, sannan aka buɗe ta Lome a 1968. Daga baya, a 1987, madatsar Nangbeto ta rage abin da kogin Mono ke kawowa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da hujjarsa, kuma mu da ba mu da teku mun fi kowa sanin amfanin tashoshin nan biyu, domin ta nan shinkafa da atamfa da motocin da ake sayarwa a kasuwanninmu suka daɗe suna shigowa. Sai dai dogayen katangun dutsen da ke kare bakin tasha suna tare yashi a gefen yamma, su bar gefen gabas da yunwa, kamar manomin fadama da ya datse magudanar ruwa a gonarsa ya bar na ƙasa da shi da busasshiyar ƙasa.

Sakamakon ya bayyana a fili a Kwatano. Yamma da tashar, yashi ya yi ta taruwa shekara da shekaru har bakin tekun ya yi faɗi. Gabas da ita kuwa, a ɓangaren Akpakpa, teku ya riƙa cin ƙasa, a wasu wurare mita goma ko fiye a shekara, ya haɗiye gidaje da filayen da mutane suka saya da takardu a hannu. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙa tunawa idan ana yabon faffaɗan yashin da Hanyar Masunta ta faro daga kansa: wani kaso na kyawunsa an same shi ne daga asarar mutanen ɗaya gefen garin. Masu haƙar yashin teku domin gini sun ƙara tsananta lamarin, har gwamnati ta haramta sana'ar a 2008, kuma a farkon shekarun 2010 aka jera katangun dutse masu shiga cikin ruwa a gabashin garin domin su riƙe abin da ya rage. Katangun sun taimaki unguwannin da ke bayansu, amma irin wannan magani yakan tura ciwon gaba ne zuwa inda katangar ƙarshe ta tsaya.

Legas ta riga Kwatano shiga wannan hali da rabin ƙarni. Turawan mulkin mallaka sun gina katangun bakin tasharta tsakanin 1908 da 1912, kuma tun daga lokacin Bar Beach, wanda shi ne wurin shan iskar talakan birnin, ya shiga zaizayewa. An yi ta zuba masa yashi teku yana kwashewa, har daga 2008 aka fara cike wurin baki ɗaya domin gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a bayan doguwar katanga. An kare manyan gine-ginen tsibirin Victoria daga ambaliya, amma bakin tekun da kowa ke zuwa ba tare da ya biya ko sisi ba ya tafi ke nan, kuma mazauna ƙauyukan da ke gabas sun daɗe suna kukan cewa igiyar ta koma kansu. A 2024 kuma aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark domin a shimfiɗa babbar hanyar Legas zuwa Kalaba, abin da ya nuna cewa ko mai jari ba ya tsira idan ba a tsayar da iyakokin gaɓa tun farko ba.

Dokokin kare gaɓar sun zo ne a bayan ɓarnar. Ƙasashen yankin sun sa hannu kan Yarjejeniyar Abijan ta kare teku da gaɓarsa a 1981, sannan a watan Janairun 2000 aka shigar da tafkunan kudu maso yammacin Benin cikin jerin wuraren dausayi na Yarjejeniyar Ramsar, kuma ruwan da ke bayan Hanyar Masunta yana cikinsu. Abin da ake son karewa ba ɓoyayye ba ne. Akwai kurmin itatuwan mangurob masu tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda a tsakanin saiwoyinsu kifi da jatan lande ke hayayyafa, kuma su ne ke riƙe laka idan ruwa ya yi ƙarfi. Akwai kunkurun teku da ke fitowa da dare su haƙa rami a yashi su zuba ƙwai, waɗanda ƴaƴansu ke bin hasken sararin teku idan sun ƙyanƙyashe, ta yadda fitilun otal guda za su iya juyar da su zuwa tudu su mutu. Akwai kuma mutane: masuntan ƙabilun Xwla da Xweda masu jan koma daga bakin gaɓa, da matan ƙauyen Jegbaji da suka gaji dafa gishiri kaka da kakanni. Gaskiya ne cewa dafa gishirin da busar da kifi sun ci itacen mangurob mai yawa, kuma ba daidai ba ne a nuna kamar talaka ba ya ɓarna. Amma ɓarnar gatari daban take da ta katafila, domin kurmin da aka sassare yana iya tofowa, wanda aka cike da ƙasa aka zuba wa kankare kuwa ya tafi har abada.

Tunanin mai da wannan yanki wurin yawon buɗe ido ya samo asali ne tun farkon shekarun 2000, a zamanin Shugaba Mathieu Kerekou, amma ya daɗe yana kan takarda. Ya samu ƙarfi ne bayan hawan Patrice Talon a 2016, wanda ya sa yawon buɗe ido a sahun gaba na shirin gwamnatinsa. Aka shimfiɗa kwalta, aka ware ƙauyen Avlekete da ke kan Hanyar Masunta domin babban wurin hutu na kamfanin Club Med, aka kuma shiga gyaran wuraren tarihi na Wida, inda Ƙofar Tafiya Ba Dawowa, wadda aka gina a 1995 domin tunawa da bayin da aka yi safararsu, take tsaye a bakin ruwa. Da yake igiyar wannan teku tana da haɗari ga mai wanka, sai aka ba kamfanin Jan De Nul na ƙasar Beljiyam kwangilar gina katanga a ƙarƙashin ruwa a gaban Avlekete, mai tsawon kilomita da dama, domin ta karya ƙarfin igiyar kafin ta iso gaɓa, aka kuma ƙara yashi a bayanta.

Masu goyon bayan aikin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Gaɓar Benin gaba ɗayanta ba ta wuce kilomita 125 ba, ƙasar ta daɗe tana dogara kan auduga da kuɗin fiton kaya, kuma rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna yadda dogaro da fito kaɗai yake da rauni. Barin gaɓar haka nan ma ba kyauta ba ne: wani binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta jawo wa Benin da Kodebuwa da Senegal da Togo asarar dala biliyan 3.8 a 2017, wato kashi 5.3 cikin ɗari na arzikin da suka samar a shekarar, kuma a 2018 bankin ya amince da dala miliyan 210 domin shirin WACA na ƙarfafa gaɓar ƙasashe shida. Matashin da ba shi da aikin yi a Wida yana da haƙƙin ya yi fatan otal ya buɗe.

Inda lamarin ya yi tsami shi ne kan mutanen da aka tarar a wurin. Daga 2021 aka fara tayar da unguwanni da ƙauyuka a bakin gaɓar, kuma a watan Disamban 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto inda ta ce aƙalla mutum 6,000 abin ya shafa a wurare huɗu, ciki har da Avlekete da Jegbaji, tana mai cewa wasu ba a ba su isasshen lokaci ba, wasu diyyarsu ba ta kai ba, wasu kuma ba su samu komai ba. A ganina wannan ne babban gibin yadda ake tsara irin waɗannan wurare a ko'ina. Ana zaunar da mai jari a gefe ɗaya, masanin muhalli a ɗaya gefen, a yi ta ciniki kan yawan ɗakuna da yawan kunkuru, masunci kuwa a lissafa shi cikin abubuwan da za a kawar. Alhali masunci da aka mayar nesa da ruwa ya rasa sana'arsa ko da an ba shi fili, domin kwalekwale da koma ba a ɗaukarsu a ka zuwa bakin teku kowace asuba. Gaɓar ma ta rasa mai gadinta. A yankin Buche du Roy, inda kogin Mono ke shiga teku, wanda ke cikin gandun da UNESCO ta amince da shi a 2017, mazauna ƙauyuka ne suka keɓe sassan kurmin mangurob a ƙarƙashin dokar gargajiya ta Zangbeto, wato dodannin gadin dare na addinin gargajiyar yankin, kuma an fi kiyaye wannan haramci fiye da allon gwamnati. Mutanen jihar Maradi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan, tun da sassaben zamani, wanda ya faro a nan a farkon shekarun 1980 ya kuma mayar da itatuwa kan miliyoyin eka a Maradi da Damagaram, bai yi nasara ba sai da manomi ya tabbata cewa gawon da ya kula da shi a gonarsa nasa ne.

Wani darasin kuma na jerin aiki ne, wato abin da ake fara yi kafin wani. Faransa ta kafa hukumar sayen filayen gaɓa domin adana su a 1975, sannan dokarta ta 3 ga Janairun 1986 ta hana gini a cikin mita 100 daga bakin ruwa a wuraren da gari bai riga ya kai ba. Ita ma ta yi hakan ne bayan kankare ya cinye wani babban sashe na gaɓarta ta kudu. Benin ta samu tata dokar gaɓar teku a 2018, lokacin da manyan ayyukan suka riga suka kankama. Idan iyaka ta riga mai jari zuwa, da ita zai yi lissafinsa tun farko. Idan kuwa shi ya riga ta, kowace mita sai an yi jayayya a kanta, kuma galibi mai ƙaramin ƙarfi ne ke sakewa.

Nijar ba ta da teku, amma jihar Maradi tana da gaɓar da wannan tarihi ya shafa. Tafkin Madarunfa, da dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 domin neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a 2019 aka shigar da tafkin cikin jerin Ramsar. Masunta suna ci daga gare shi, masu lambu suna noman rani a gefensa, makiyaya suna shayar da dabbobi, masu ziyara suna zuwa, kuma yashi yana cike shi sannu a hankali, yayin da ruwan Gulbin Maradi ya dogara da abin da madatsar Jibiya ta saki daga tsallaken iyaka. Wuri ne da ke kusa da babban birnin kasuwanci mai yawan matasa da ƙarancin wuraren shan iska, don haka ba abin mamaki ba ne idan masu kuɗi suka fara neman filayen bakinsa. Garin Maradi kansa ya san hukuncin zama a hanyar ruwa, domin ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da shi daga kwari zuwa tudun da yake a yau. Dokar karkara ta 1993 ta riga ta tanadi kwamitocin filaye da ke da ikon tantance irin waɗannan wurare. Aikin da ke gaban kwamitin Madarunfa, tare da sarakuna da jami'an gandun daji da wakilan masunta da makiyaya, shi ne su auna inda ruwa ke kaiwa a shekarar da damina ta fi yawa, su kafa alamu a bayan wannan layi, su kuma rubuta mashayar dabbobi da mashigar masunta da hanyoyin zuwa kaburbura a cikin rajista kafin a sayar da fili na farko domin gina masauki.