Waiwaye: Hanyoyin Ingila da taswira ta nuna amma doka ba ta fayyace ba

A karkarar Ingila da Wales akwai ɗimbin ƙananan hanyoyi marasa kwalta, ciyawa ta cinye tsakiyarsu, waɗanda mutum zai gani ƙuru-ƙuru a taswira amma ya rasa mai faɗa masa ko yana da ikon bi, kuma da me: a ƙafa, a doki, a keke ko a mota. Hukumar zana taswira ta ƙasar, Ordnance Survey, ta daɗe tana buga gargaɗi cewa ganin hanya a zane ba hujja ba ce ta haƙƙin jama'a. Irin waɗannan hanyoyin ɗige-ɗige take sa musu, sannan ta ce a tambayi hukumar hanyoyi ta yankin. Sau da yawa ita ma hukumar ba ta da amsa tsayayya.

Tushen ruɗanin dokar 1929 ce, wadda ta karɓe hanyoyin karkara daga ƙananan hukumomi ta danƙa wa majalisun gundumomi. Wajen miƙa aikin aka zana taswirori aka jera hanyoyi, kuma waɗanda ba a ba su aji ba su ne ake taƙaddama a kansu har yau. Abin da ya dami ma'aikatan lokacin shi ne wa zai biya kuɗin gyara, babu ruwansu da wa zai bi. Jerin da dokar hanyoyi ta 1980 ta wajabta wa kowace gunduma ta ajiye, shi ma na gyara ne.

A 1949 aka yi dokar da ta kafa taswirar da kotu ke karɓa a matsayin hujjar haƙƙin jama'a na bin hanya. Majalisun ƙauyuka suka fita a farkon shekarun 1950 suna rubuta hanyoyin ƙafa da na dawaki. Da yawa daga cikin hanyoyin nan marasa aji aka tsallake su, don ana ganin ai tituna ne, ba sa buƙatar shiga. Ga shi sun zama jemage: ba sa cikin taswirar haƙƙi, jerin gyara kuma bai faɗi matsayinsu ba.

Dokar 1981 ta ba kowa damar neman a gyara taswirar, muddin ya kawo shaida. Nan aikin yake da wuya, kuma nan yake burge ni. Mutane na shiga ɗakunan adana tarihi suna tono takardun rabon filaye na ƙarni na 18 da na 19, da taswirorin harajin coci na wajen shekarun 1840, da na kimanta filaye ƙarƙashin dokar 1910, inda mai zane kan bar hanyar jama'a babu launi saboda ba a cikin gonar kowa take ba. Ana kuma karɓar shaidar cewa jama'a sun shekara 20 suna bi ba tare da an hana su ba. Ƙa'idar kotunansu ita ce hanyar da ta taɓa zama ta jama'a ba ta mutuwa don an daina binta. Duk wanda ya ga yadda gonaki ke cinye burtali a ƙasar Hausa ya san darajar wannan ƙa'ida.

Dokar 2006 ta soke haƙƙin ababen hawa masu inji a hanyoyin da ba a rubuta musu shi ba, amma daga cikin hanyoyin da ta ƙyale akwai waɗanda ke cikin jerin gyara kuma ba sa cikin taswirar haƙƙi. Sai jerin da ba a yi shi don tantance haƙƙi ba ya koma abin kafa hujja tsakanin masu babura da manoma da masu yawon ƙafa.

Akwai kuma wa'adi. Dokar 2000 ta sa 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar da haƙƙin jama'a na bin tsoffin hanyoyin ƙafa da na dawaki da ba a rubuta a taswirar haƙƙi ba zai faɗi. A 2020 ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ta ce 'yan sa-kanta sun gano fiye da mil 49,000 da babu su a taswirar. An ɗage wa'adin zuwa 2031, sannan a Disambar 2024 gwamnati ta ce za ta soke shi a Ingila. Na ji daɗin haka, sai dai ban ga adalci ba a bar wa 'yan sa-kai gyaran giɓin da hukuma ta bari, alhali takardun da suke shigarwa kan shafe shekaru a ofisoshin gundumomi kafin a duba su.